Jakar Goggo Adama

Wata leda mai ƙyalli ce ɗaure a kan kara a tsakiyar gonar gero, iska na kaɗa ta tana walƙiya don korar tsuntsaye. Surayya ta hango ta ta tagar mota, har sun wuce ta sake waiwayawa. Ta san ledar. Ta san jan layin da ke bakinta da hoton shinkafar da ke jikinta, domin da hannunta ta jera irinta a cikin jakunkuna ashirin, kwana arba'in da suka wuce.

Madam Felicia, shugabarta a ofis, tana gefenta tana duba waya. Sun bar Dutsin-Ma da hantsi, sun bi hanyar Kurfi, kusa da Birchi suka sauka daga kwalta. Kafin su kai rafin Unguwar Manu Surayya ta ƙirga leda huɗu a gonaki uku.

Ƙungiyar da suke wa aiki ƙarama ce, aikinta tanadin abinci ga ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina. Unguwar Manu na cikinsu. In rafinta ya cika akan yi kwana uku ko huɗu ba shiga ba fita, itace ya jiƙe, ga injin niƙa can a tsallake. Manyan ƙungiyar sun fi son a tara abincin a sito a cikin gari, in abu ya faru a ɗauka a kai. Surayya ta karanta ilimin abinci a jami'a, wannan ne aikinta na farko, kuma ba ta iya magana a taro ba tare da muryarta ta shige ciki ba. Don haka ta rubuta shafi uku ta ajiye a kan teburin Madam, tana cewa ranar da rafi ya cika ba motar da za ta kai abincin sito, gara a ba kowace mace jakarta ta rataye a ɗaki. Aka ba ta gwaji: jaka ashirin, kwana arba'in. In an same su yadda aka bar su, gida ɗari biyu za su samu. In ba haka ba, a koma sito.

Sati biyu ta yi tana zaɓen abin da zai shiga jakar, kuma ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Akwai wanda aka aiko masu a kwali daga kudu, abincin da aka dafa, aka daskarar da shi kamar ƙanƙara, sannan inji ya zuƙe ruwan da ke ciki. Shinkafa da nama ta mutum guda ba ta kai nauyin tafin hannun auduga ba. Akwai yankan mangwaro mai ƙaras-ƙaras, in ya taɓa harshe sai ya narke ya koma mangwaro sak. Ta haɗa da na gida daga kasuwar Laraba: kilishi, dakuwa, dabino, nakiya, ƙuli-ƙuli da garin fura. Ranar rabo ta yage leda ɗaya a gaban matan, ta zuba ruwan zafi daga filas, ta rufe. Bayan minti goma ƙamshi ya cika tsakar gida. Matan suka sa wa abin suna abincin iska, suka yi ta ɗaga ledar suna girgizawa a kunne.

Yau ma a tsakar gidan nan aka taru, gidan Rahmatu shugabar matan, doguwa mai muryar da ake ji daga bakin rafi. An shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi. Jakunkunan na jere a gaba, kowace an wanke ta, an ninke ta huɗu.

"Ga su nan, Malama," in ji Rahmatu. "Ko ɗaya ba ta ɓace ba."

Madam Felicia ta ɗaga ɗaya ta zazzage. Ko ƙwallon dabino bai faɗo ba. "Rahmatu, ina abincin?"

"To Madam, surukaina ne suka zo mani daga Kurfi ba sanarwa, ana yayyafi, itace a jiƙe. Ga shinkafa da nama rataye bisa kaina. In ce masu me? Su jira ambaliya?"

Aka kwashe da dariya. Daga nan kowa ta kawo nata. Nana Aisha ta haihu, nakiyarta da ta maƙwabtanta uku ta tafi ranar suna. Wata ta ce maigida ne ya leƙo yana neman abin da zai fitar wa baƙo a zaure, kilishi kuwa ƙamshinsa ya riga ya tona asirin kansa. Wata ta aika wa 'yarta mangwaron tsaraba, don a Birchi ma ba a taɓa ganin irinsa ba. Ba wadda ta nuna alamar ta yi laifi.

Goggo Adama na zaune a gefe kan 'yar tabarmarta. Tsohuwar Bafulatana ce siririya, tun da shanunsu suka ragu suka zauna noma a bakin unguwar. Ita ba ta yi dariya ba.

"Goggo, har ke?" in ji Madam.

"Baƙo ya shigo, kin san kina da abu, ki ce babu?" Goggo ta gyara mayafi. "Ai ƙarya ke nan, kuma Allah na gani."

Madam Felicia ta yi dariya har ta share ido da bayan hannu. Shekararta goma sha biyar a Dutsin-Ma, Hausa ta zauna a bakinta. Ta ce, "To ko mu sa kwaɗo?"

"Ku sa," in ji Rahmatu. "Akwai reza."

Da dariyar ta lafa Madam ta juyo ta dubi Surayya, ta rage murya. "Kin gani da idonki. Ba mugunta ba ce, amma abinci ba zai kwana arba'in a ɗakin da baƙo ke shiga ba. Gobe zan rubuta masu. Sito."

Surayya ta gyaɗa kai. Ta ji in ta ƙara minti ɗaya a wurin hawaye zai zubo a gaban mata ashirin. Ta ce za ta yi sallar azahar, Goggo Adama ta tashi ta ce ta biyo ta.

Ɗakin Goggo na can ƙarshen unguwa, mai sanyi, ƙasa a share tas. Bayan Surayya ta idar, tsohuwar ta dama mata fura a ƙaramar ƙwarya.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan, haka za ki sha. Sukari ya ƙare mani tun shekaranjiya."

Surayya ta kai ƙwaryar baki, tsami ya kama mata haƙora. Tana sha tana kallon rufin ɗaki don kada fuskarta ta nuna. A nan ta ga wani babban gwangwani rataye da igiya, an ɗaure bakinsa da tsumma, an shafa wa igiyar toka don kada tururuwa su bi. Ƙudan zuma ɗaya na ta zagaya shi.

"Goggo, wancan ba zuma ba ce?"

"Ita ce."

"To ai da..." Kunya ta kama ta.

"Ba tawa ba ce. Ajiyar Rahmatu ce, tun kafin azumi. Ta kawo nan don a gidanta ba za ta yi sati ba."

"Kuma baƙi na zuwa maki?"

"Kullum."

"Ko cokali ɗaya ba ki taɓa ɗebar masu ba?"

Goggo Adama ta dube ta kamar ta zage ta. "Ajiya fa na ce maki."

Surayya ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta dubi gwangwanin, ta dubi tsohuwar da ta rabar da jakarta kaf cikin sati biyu amma ta yi wata biyar tana kwana ƙarƙashin zumar wata. Ta miƙe, ta manta ba ta yi godiya ba, ta dawo ta yi, ta sake fita. Sai da ta yi nisa ta lura ta sa takalmin hagu a dama.

Madam na shirin shiga mota. Surayya ta riƙo gefen gyalenta ta yi mata raɗa, maganar na fitowa a hargitse, ƙarshe kafin farko. Madam ta saurara, girarta ta ɗaga.

"Maimaita."

Ta maimaita.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ga su can, faɗa masu da bakinki."

Surayya ta tsaya a gaban tabarmin. "Na ce... in aka sake kawo jakunkunan... kada kowa ta riƙe tata."

"Ba mu ji ba, Malama," wata ta ce daga baya. "Ko kin yi azumi ne?"

Rahmatu ta matso ta kara kunnenta a bakin Surayya, sannan ta miƙe. Can ta tafa hannu.

"Ku ji 'yar boko. Ta ce kowa ta kai jakarta ajiya gidan wata. Tawa na wurin Goggo, ta Goggo na wurina. In surukaina sun zo, abin da ke rataye a ɗakina ba nawa ba ne, in na ce babu ban yi ƙarya ba. In rafi ya cika kuma, taku goma ne, kowa ta je ta karɓi abinta."

Wurin ya kaure. Kowa na magana, ba mai sauraron wata. Nana Aisha ta ce wallahi ko maigida ya ji kalmar ajiya zai janye hannunsa. Wata ta ce kada a haɗa ya da ƙanwa, don abin 'yar'uwarki naki ne, za ki ci ki ce ta yafe. Wata ta ce a haɗa masu jin kunyar juna, in da hali surukai, nan take aka shiga nuna wadda za a ba wa, ana ihun dariya. Wasu biyu da suka yi wata ba sa gaisawa saboda akuya ta shiga gona, aka ce ai su ne suka fi dacewa, ba wadda za ta yarda ɗayar ta samu abin faɗa a kanta. Surayya ta durƙusa tana rubuta sunaye bibbiyu, biro na zamewa a hannunta saboda gumi. Tsarin da ta kawo cikin jimla ɗaya, matan sun gama gyara shi kafin la'asar.

A hanyar komawa Madam ta yi waya da manya, ta daɗe tana magana. Da ta kashe ta ce, "Sun yarda da wani kwana arba'in, amma ransu bai so ba. Sun ce duka ashirin. In ɗaya ta yi giɓi, ko na dabino guda ne, an rufe maganar."

"Za su cika," in ji Surayya, ta yi mamakin yadda muryarta ta fito.

A wannan karon ba ita kaɗai ta yi zaɓen ba. Rahmatu ta zo Dutsin-Ma ranar Laraba, suka shiga kasuwa tare. Ta ce a cire kilishi, da damina yakan yi fumfuna, kuma ƙamshinsa na kiran ɓera da maigida. Nakiya a bar ta, in an tuƙa ta da kyau tana kai shekara. Garin fura a ninka, amma na geron bara wanda ya bushe sosai, kuma ta sa hannu a buhu bakwai kafin ta yarda da ɗaya. Ƙuli-ƙuli sai ta karya ta ji ƙararsa. Surayya ta bar shinkafar iska biyu da mangwaro ɗaya a kowace jaka, ta ƙara gorar roba da ƙwayoyin tsabtace ruwa, don garin fura ba ya shayuwa sai da ruwa, ruwan ambaliya kuwa ba abin yarda ba ne.

Ranar miƙawa aka yi abin a gaban kowa. Mace ta ɗauki jakarta da hannu biyu ta ce, "Ga ajiyata." Ɗayar ta ce, "Na karɓa, Allah ya ba ni ikon riƙewa." Masu rigimar akuya ma sun faɗa, kowace na kallon wani gefe.

A farkon Satumba aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Surayya ta zauna a ofis tana kallon magudanar bakin titi na tumbatsa, tana ta kiran Rahmatu. Da kiran ya shiga a rana ta uku, Rahmatu ta ce rafi ya cika amma ya fara sauka, an yi niƙa kafin ruwan, ba gidan da ya rasa tuwo. Ta faɗi haka a taƙaice ta kashe, abin da ba halinta ba.

Ranar cikar kwana arba'in, tun daga bakin danga Surayya da Madam suka jiyo hayaniya. Matan sun yi kwalliya kamar ranar suna, har da waɗanda ba sa cikin gwajin sun zo kallo. Jakunkunan na jere, kowace cikinta a cike. Madam Felicia ta zauna a kan turmi ta buɗe littafi, Surayya ta durƙusa gaban jaka ta farko.

"Ta Nana Aisha. Wa ta riƙe?"

"Ni," in ji surukarta. "Ki ƙirga da kyau, Malama, a gabanta. Har dabinon."

Surayya ta ƙirga. Komai na nan, ɗaurin bakin garin fura ma nata ne. Aka rangaɗa guɗa. Ta biyu haka, ta uku haka. Wata ta ba da labarin yadda mijinta ya kai hannu ya ji an ce ajiyar matar liman ce, ya janye kamar ya taɓa garwashi. Masu rigimar akuya kowace ta tsaya a kan ɗayar ana ƙirga, da aka ga ba giɓi sai ɗayar ta ce, "To, madalla," wannan ce maganar farko tsakaninsu tun ranar miƙawa. A jaka ta goma Surayya ta daina ɓoye murmushinta. A ta goma sha biyar ita da kanta take ɗaga murya tana kiran lambar, matan na amsawa. Jakar Rahmatu wadda Goggo Adama ta riƙe ita ce ta goma sha tara, an lulluɓe ta da tsohon zane, ko ƙura babu.

"Saura ɗaya," in ji Madam. "Ta Goggo Adama. Rahmatu, tana wurinki."

Sai a lokacin Surayya ta lura tun zuwansu ba ta ji muryar Rahmatu ba. Rahmatu ta fito daga ɗaki da jakar, ta ajiye ta ba tare da ta dubi kowa ba. Jakar ta kwanta a kan tabarma, ba ta tsaya kamar sauran ba.

Surayya ta buɗe. Ledar shinkafa biyu ba a yage ba, da gorar roba ba komai a ciki. Shi ke nan.

"Rahmatu?" in ji Madam.

"Ni na ci."

Ba wadda ta yi dariya. Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. A wannan unguwar a ce mace ta ci ajiya, kuma shugabar mata, magana ce da za ta bi ta har jikokinta.

"Ke kika ci," in ji Madam. "Ke da kika fi kowa murna da abin."

"Kwaɗayi ne, Madam. Ku rubuta haka."

Goggo Adama na kan tabarmarta, idonta a kan yatsun ƙafarta. Madam Felicia ta rufe littafin, ta ɗora biro a kai. Gida ɗari biyu sun tafi a jaka ta ƙarshe.

Hannun Surayya na cikin jakar har yanzu, don ba ta san inda za ta kai shi ba. Yatsunta suka taɓa yashi a kusurwa. Ta juya jakar. An wanke ta, amma akwai wani layi ja-ja da ya zagaye gindinta, irin wanda ruwan rafi ke bari, kuma ɗinkin ya riƙe 'ya'yan ciyawa. A ƙaramin aljihun gefe ta zaro takardar ƙwayoyin tsabtace ruwa. An ɓalle su duka goma.

Ta miƙe tsaye. Ba wanda ya ce ta yi magana.

"Yaya Rahmatu, mai kwaɗayi ba ya shan ƙwayar tsabtace ruwa. Kuma wancan karon shinkafa da nama kika fara ci, yanzu ita kaɗai aka bari." Muryarta ta kai har bayan taron. "Wa ya kai jakar nan rafi?"

Rahmatu ta saci kallon Goggo Adama, ta sunkuyar da kai.

"Mu aka kai mawa."

Wata mace ce daga can baya, wadda Surayya ba ta taɓa gani ba, siririya, da goyo. Ta matso gaba kaɗan.

"Sunana Khadijatul Kubra, a wajen Tamawa nake aure. Ranar ruwan nan ɗakunanmu biyu suka faɗi. Muka taso nan, ni da maigidana da uwarsa da yara uku. Mun haye rafin farko da ƙyar, muka iske na nan ya cika, muka juya wancan ma ya rufe. Kwana biyu muka yi a wata rumfa a kan tudu, ba abin da muka fito da shi sai tabarma. Maigidana ya samu waya ta shiga sau ɗaya. Da rana ta yi sai ga Malam Tukur, mijin Rahmatu, ya rungumi babban gora yana iyo, jakar nan a kansa." Ta gyara goyonta. "Ni ce 'yar farin Goggo Adama."

Goggo ta juya fuskarta wajen danga. Surayya ta gane sauran. A gidajen su Goggo uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zama kusa da ita a taro, ba ta bari a ga ta damu da ita ko da ciwo take. Abin kunya ne babba.

"Ban ci ajiya ba," in ji Rahmatu, muryarta ta dawo gaba ɗaya. "Mai abu ce ta zo ta karɓi abinta, ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba. Amma tunda an faɗa, wallahi da kun gan ta ranar. Ba takalmi, ba mayafi, cikin ruwan nan, tana buga mani ƙofa tana cewa waccan tana tsallake, waccan tana tsallake da yara, hawaye..."

"Ke Rahmatu," in ji tsofaffi biyu tare. "Ya isa."

Madam Felicia ta sake buɗe littafin. Ta kira Kubra ta zauna kusa da ita. "Gaya mani, me kuka fara ci?"

"Dakuwa da dabino, yara na kuka, su aka fara miƙa mawa. Sai muka sa ƙwayar a ruwa kamar yadda Malam Tukur ya nuna, muka dama gari. Garin nan shi ya riƙe mu. Nakiya muka ba tsohuwa, ba ta da haƙoran ƙuli. Mangwaron kuwa har faɗa aka yi."

"Shinkafar fa?"

"An ce mamu sai da ruwan zafi. Ina muka ga wuta? Ko ashana ta jiƙe."

Surayya ta ɗauki ledar ta juya bayanta. An rubuta da Turanci cewa ruwan sanyi ma na yi, in an jira kamar awa guda. Ta karanta wannan tun ranar da kwalin ya iso. Amma da filas ta nuna masu, don ya fi sauri kuma ƙamshin ya fi tashi, ba ta taɓa faɗin ɗayar hanyar ba. Mutum shida sun kwana biyu da shinkafa da nama a hannu.

"Wannan laifina ne," ta ce, ta bayyana masu. "Yanzu za mu jiƙa ɗaya da ruwan randa, kowa ta gani."

"A jiƙa duka biyu," in ji Nana Aisha. "Mu tabbatar."

Aka yi dariya, aka ruga ɗebo ruwa. Madam na ta rubutu, ta cika shafi ta juya. Surayya ta leƙa ta ga a gaban lamba ta ashirin ta rubuta cewa an yi amfani da ita a ambaliya, mutum shida, kwana biyu. Sannan Madam ta tashi da waya tana neman inda kira zai shiga, ta zagaya bedi, ta je bakin rijiya, a ƙarshe ta tattare zane ta hau kan turmi, mata biyu na riƙe da ita. Ta yi magana da Turanci mai sauri, hannu ɗaya na yawo a iska. Kowa na kallon bakinta. Ta saurara, ta sake magana, ta sake saurarawa. Ta sauke wayar.

"Sun so su ce sha tara ne. Na ce su zo su gaya wa Kubra." Ta dubi Surayya daga saman turmin. "Gida ɗari biyu. Ki fara neman gero."

Guɗar da aka yi sai da kaji suka watse. Rahmatu ta ɗaga Surayya cak ta juya da ita, gyalenta ya faɗi, wata ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kiɗa. Nan take aka shiga gardamar wa za a haɗa da wa a sauran unguwanni, da ko a ƙara garin fura a rage shinkafar iska zuwa ɗaya. Surayya na amsa wa mutum uku lokaci guda, tana dariya, tana neman bironta a ƙasa.

Da ta ɗago ta nemi Goggo Adama, tana son ta gaya mata za a cika mata jakarta kafin kowa. Tsohuwar ta riga ta miƙe. Ta naɗe 'yar tabarmarta ta saƙale a hammata, ta zura takalmi, ta ja mayafi har goshi. Hanyar fita ta bi ta gaban Kubra, wadda ke zaune tana jijjiga goyonta. Goggo ba ta dube ta ba. Ta raɓa ta bayan masu kiɗa, ta sunkuya ta ƙofar danga, ta fita.